Ranar da Motata Ta Durƙusa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motata ta durƙusa a gaban jama'a ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin in manta. Yau shekara huɗu ke nan, amma har yanzu in na ji wani abu ya yi ƙwal kusa da ni, ko da murfin tukunya ne ya faɗi a tsakar gida, sai in ji gumi ya tsattsafo mini a wuya.

Bari in fara faɗin ko ni wane ne, don a gane girman wautar. Na fi shekara talatin ina tuƙa motar kasuwa. Na ɗauki gyaɗa, na ɗauki awaki, na ɗauki buhunan taki, daga ƙauyenmu zuwa Zakirai, daga Zakirai zuwa birni. Karatuna bai wuce firamare ba (ita ma ba da daɗin rai muka rabu ba), amma akwai abu ɗaya da nake taƙama da shi, wato kunnena. A tasha, in mota ta fara wani kuka, ni ake kira in saurara in faɗi ciwonta. Wani lokaci in dace, wani lokaci in kuskure. Mutane sun fi tuna waɗanda na dace, ni kuwa su kaɗai nake tunawa.

Da ƙarfi ya fara ja baya sai na bar hanya na koma gona. Na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota don zirga-zirgar gida, mutanen gari suka sa mata suna Sai-a-hankali. Ban ji haushi ba, don sunan ya dace da mu duka biyun.

A ƙarshen daminar waccan shekara ta fara ƙarar. Hanyar gonata ruwa ya zaizaye ta, amalanken shanu kuma sun yi mata kwari biyu. Akwai wata kwana a gindin kuka inda ake juyawa hagu a bi ta tsakanin gonakin gero. Wata safiya ina murɗa sitiyari a wurin sai na ji ƙwal daga gaba, kamar an buga taɓarya a turmin da ba komai a ciki. Na miƙe hanya, shiru. Na juya dama, shiru. Na sake juyawa hagu, ƙwal.

Ina da suruki bakanike. Sunansa Habu, mijin 'yata Dije, yana da gareji a gindin wata darbejiya a bakin kasuwar Zakirai. Kowa na yabon hannunsa. Amma shekara shida da aurensu ban taɓa kai masa motata ba. In an tambaye ni sai in ce ba na son ɗora masa nauyi. Gaskiyar magana ita ce ban ga yadda zan tsaya, ni da nake gaya wa direbobi ciwon motarsu, mijin 'yata yana gaya mini ciwon tawa ba.

Kun kuma san yadda surukuta take a wurinmu. Habu tun daga bakin zaure yake cire takalmi. Yana durƙusawa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, ba ya cin abinci a gabana, ba ya kama sunana. Musu kuwa ba a ma maganarsa. Da zan ce masa yau rana ta ɓullo daga yamma, abin da zai ce shi ne, "Haka ne, Baba."

Wata Juma'a ya kawo Dije da 'yarsu Sadiya gaisuwa. Na dawo daga gona, na karya kwana zan tsaya a ƙofar gida, motar ta yi ƙwal ɗinta. Yana zaune a kan dakali, na ga kansa ya ɗago kamar wanda aka kira sunansa. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da aiki da ruwa, sai ya shiga wasa da tsinke a ƙasa.

Ya ce, "Baba, motar nan kamar tana ɗan magana."

Na ce, "Salansa ce. Ta saki, tana bugun ƙasan mota."

"Haka ne, Baba." Sai ya ƙara da cewa, "Wani lokaci kuma kayan ƙafa sukan yi irin wannan."

"Wani lokaci," na ce. "Amma wannan salansa ce."

"Haka ne, Baba."

Washegari na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin mota, na ɗaure salansa da waya tamau. Na tayar, na juya hagu. Ƙwal. Sai na ce wa kaina to, lallai ƙafa ce, kamar yadda dama nake zato (ban taɓa zaton haka ba). Tun da kuwa a hagu take kuka, ai ƙafar hagu ce. Na ɗaga ta da jak, na cire tayar hagu, na leƙa, ban ga komai ba. Na ƙara ɗaure notoci, na tsiyaya baƙin mai a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, na yanko robar tsohon tib na nannaɗe wani wuri da na ga bai yi mini ba. Na wuni a kan wannan aiki. Ƙafar dama ko kallonta ban yi ba.

Bayan kwana uku saƙo ya iso. Habu ba zai iya faɗa mini a fuska ba, don haka ya faɗa wa Dije, Dije ta faɗa wa uwarta, uwar kuma, mai ɗakina Ladi, ta jira sai da na ci tuwo na wanke hannu.

Ta ce, "Malam, wai Dije ta ce, wai Baban Sadiya ya ce, wai in mota ta juya hagu nauyinta dama yake komawa. Wai a duba ƙafar dama. Akwai wani abu wai shi boljoyin, wai in ya fita taya kwanciya take yi."

Na ce, "Ki ce da ita ta ce da shi, tun kafin a haife shi nake juya hagu."

Ladi ta tattara kwanuka. A bakin ƙofa ta ce, "Zan faɗa. Amma ita motar ba ta san shekarunka ba."

Na san boljoyin, ba wai ban san shi ba. Shi ne ɗan ƙarfen nan mai kai kamar ƙwallo da ke zaune cikin kwaminsa, wanda yake riƙe ƙafar mota yana ba ta damar juyawa. Na kuma san maganar nauyi gaskiya ce, don duk wanda ya ɗauki buhuna ya sha kwana ya ga inda suke karkata. Da wani direba ne ya faɗa mini a tasha, da na ce ai abin da zan faɗa ke nan. Amma saƙon ya biyo ta bakin mutum uku, kuma asalinsa daga surukina yake. Duba ƙafar dama ya zama kamar in je Zakirai in cire takalmi in gaishe shi.

To, me na yi? Na daina juyawa hagu. Wallahi haka aka yi. Gonar da nake isa cikin minti goma sai na koma zagayawa ta bayan makaranta, ta bakin rijiyar Fulani, duk kwanar dama, in ɓullo mata ta gabas. In kuma dole ta kama sai na juya hagu, sai in ƙure rediyo.

Taubashina Tanko, wanda tun muna yara ba ya bari in sha ruwa lafiya, shi ya fara lura. Ya tare ni a majalisa ya ce, "Kai, gonar nan taka ƙaura ta yi ne? Kullum sai in gan ka ta bayan makaranta kamar mai ɓoyon ɗan akuya."

Na ce ina duba gonakin mutane ne, in ga wa ya fi ni gero.

Habu ya sake gwadawa sau ɗaya. Ya zo da kansa, ya durƙusa, ya ce ko za a ara masa motar gobe ya kai Dije ziyara wajen yayarsa. Na san yana da babur, na kuma san inda motar za ta kwana in na ba shi. Na ce babu mai a cikinta. Ya ce zai zuba. Na ce takardunta sun ƙare. Ya ce, "Haka ne, Baba," ya sa takalminsa a bakin zaure ya tafi.

Ana nan kaka ta yi, aka sa ranar ɗaurin auren ɗan Tanko a Zakirai, ni ne wakilin ango. Da hantsi na ɗauki Liman a gaba, Tanko da dattawa biyu a baya, huhun goro a kan cinyar Tanko don but ɗin ya cika da katan-katan na alewa da dabino. Muka hau kwalta, na ɗan taka ta don kada mu makara. A wata 'yar lanƙwasa ta yi ƙwal har sau biyu. Liman ya dube ni.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba komai. Na san ciwon, na kuma yi maganinsa da hannuna."

Liman ya ce to madalla, amma na ga ya zaro carbi.

Gidan uban amarya yana cikin wani lungu, kuma lungun a hagu yake. Na duba ko akwai wata hanya ta dama, babu. Ga jama'a cike a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, manyan riguna fari fat, ana ta nuno mu ana cewa ga 'yan ɗaurin aure nan sun iso. Na rage gudu sosai, na murɗa sitiyari, tayar gaba ta hau kan wata 'yar kwata.

Ƙwal. Sai kuma wata ƙara da ban taɓa ji ba, doguwa, ta ƙarfe yana jan ƙasa. Gaban motar ta gefen dama ya sauka, ta durƙusa kamar raƙumin da za a sauke wa kaya.

Gefen dama kuwa nan Liman yake. Rawaninsa ya zamo ya rufe masa fuska. Huhun goro ya kuɓuce daga hannun Tanko ya fashe, goro ya bi ƙarƙashin kujeru. Na fito na zagaya, sai ga tayar dama kwance a waje, ta baje kamar ƙafar jakin da ya gaji. Ƙofar Liman ta ƙi buɗuwa. Dole aka jawo shi ta wajen direba, dattijo mai shekara saba'in da wani abu yana rarrafe ta kan giya, mutum biyu na riƙe da hannunsa, na uku na riƙe da rawani.

Ba wanda ya ji ciwo. Ana ta sannu, ana ta Allah ya kiyaye gaba, wasu samari a baya suna danne dariya da hula. Ni kuwa ina tsaye ina tuna kwaltar da muka baro minti goma da suka wuce, da gudun da na yi a kanta, da matan da muka wuce suna tafe a gefen hanya da tallan nono a ka.

Habu yana cikin 'yan ɗaurin aure, sanye da farar shadda sabuwa. Ya je wajen babur ɗinsa, ya kwance wata jaka, ya dawo da wani abu a ƙunshe cikin leda. Ya buɗe. Boljoyin ne sabo dal, da giris ɗinsa a jiki.

Tanko, da goro cike da hannunsa biyu, ya ce, "Kai Habu, duba kake yi? Ya aka yi kake yawo da wannan a wajen ɗaurin aure?"

Habu ya durƙusa kamar yadda ya saba, idonsa a ƙasa, ya ce, "Baba ne ya ce in sayo, yau wajen wata guda. Ya ce na dama ya lalace. Ni ne aiki ya yi mini yawa, na yi ta cewa gobe. Laifina ne."

Duk ido ya dawo kaina.

Wannan shi ne wurin da nake so in tsallake duk lokacin da nake ba da labarin nan. Mota ta durƙusa, wannan abin dariya ne, ana iya ba da shi a majalisa. Amma abin da na yi bayan nan ba na dariya ba ne. Na gyara babbar rigata, na girgiza kai, na ce, "Yaran yanzu sai haƙuri."

Aka ɗaura aure, aka yi fatiha, aka raba goron da aka tsinto. Jama'a suka shiga cin abinci, Habu kuwa ya naɗe hannun shaddarsa ya aika aka kawo masa jak da sifanu. Na tsaya a kansa kamar mai duba aiki. Ya ciro tsohon. Robar da ke rufe shi ta yage tuntuni, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga ya cinye ƙwallon har ya fice daga kwaminsa. Ya sa sabon, ya mayar da ƙafa, ya ce Allah ya taimaka shaf, sandar da ke juya taya, bai tsinke ba. Sannan ya zagaya ya ɗaga ƙafar hagu, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya kama ta gefe da gefe ya girgiza, ba motsi. A nan ya ci karo da robar tib ɗin da na nannaɗe. Ya dube ta, ya waiga ya ga ba mai kallo, ya warware ta a hankali ya cusa a aljihun farar shaddarsa. Shaddar dai ba ta sake sawuwa ba.

Na koma gida ina juya hagu yadda nake so. Ba ƙwal, ba komai. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe a Zakirai ta fara. Labari ya bi kasuwa cewa Habu bakanike ya riƙe kayan gyaran surukinsa wata guda, har ya kusa kashe Liman. In haka ya yi wa uban matarsa, me zai yi wa bare? Direbobin da suka saba tsayawa a gindin darbejiyarsa suka fara wucewa gaba. Ni ban sani ba, ko in ce ban nemi sani ba, sai da Dije ta zo gida ta gaishe ni a taƙaice ta shige ɗakin uwarta. Da ta tafi Ladi ta fito ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Sati uku ke nan ba mai tsayawa a garejinsa sai masu neman iska a taya. Ya hana ta faɗa maka. Ka san dalili, na san dalili."

Na ce ai ni ban sa shi ya faɗi haka ba.

Ta ce, "Ba ka sa shi ba. Ba ka kuma hana shi ba."

Na kwana biyu ina neman hanyar da zan gyara abin nan ba tare da na buɗe baki ba. Na yi tunanin in aika masa buhun gero. Na yi tunanin in riƙa yabonsa a majalisa a kaikaice. Duk dai irin zagayen nan ne ta bayan makaranta. Ranar kasuwa na ɗauki Tanko, don na san abin da ya ji da safe kafin la'asar ya kai ƙauye bakwai, muka tafi Zakirai.

Kusa da garejin akwai mai shayi inda direbobi ke zama. Habu yana ganina ya ajiye abin da ke hannunsa ya durƙusa. Na tsaya inda kowa zai ji. Na ce, "Jama'a, maganar motar nan da ake yi, ba haka take ba. Ban aiki Habu ya sayo komai ba. Shi ya ji ƙarar, shi ya gane ciwon, sau uku yana nemana in bari a gyara ina ƙi. Da kuɗinsa ya sayi abin, yana yawo da shi yana jiran ranar da zan yarda. Ni na kusa kashe Liman, ba shi ba."

Habu ya ɗago a firgice. "A'a, Baba, ba haka aka yi ba."

Na ce, "Ka ga, shekara shida ba ka taɓa musu da ni ba sai yau, yau ɗin ma a kan ƙarya. Da wata biyu da suka wuce ka yi wannan musun, da rawanin Liman bai faɗi ba."

Wani direba ya ƙware da shayi. Habu ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa, ban sani ba ko dariya yake ko wani abu ne daban. Tanko kuwa ya ce dama shi tun da ya gan ni ta bayan makaranta ya san akwai magana, ya zauna ya ba su labarin gonar da ta yi ƙaura, har da ƙarin abin da ba a yi ba.

Kafin mu tafi na ce Habu ya nuna mini yadda yake girgiza tayar nan. Ya ɗaga motar, ya ce in taya ta yi motsi sama da ƙasa a duba boljoyin, in gefe da gefe ne a duba sandar da ke haɗa ta da sitiyari. Na tattare riga na durƙusa kusa da shi don in kama da hannuna. Gwiwata ta yi ƙwal, kowa ya ji.

Tanko ya ce, "Habu, in ka gama da wannan ka duba na surukin naka. Amma ka fara da ta dama, shi zai ce maka ta hagu ce."

Direbobi sun dawo garejin, amma ba duka ba, kuma ba da wuri ba. Labarin farko ya je wuraren da na biyu bai kai ba, kuma har yau akwai mai cewa ai dattijon rufa wa surukinsa asiri ya yi. Wannan ina ɗauke da shi, ba yadda zan yi. Liman ya yafe mini, sai dai tun daga ranar in za mu ɗaurin aure cewa yake likita ya ce ya riƙa hawa babur don iska.

Kunnena dai lafiyarsa ƙalau, ya ji ƙarar tun ranar farko. Mutum ne bai iya ji ba. Yanzu in Habu ya ce mini "Haka ne, Baba" sau ɗaya, na san gaisuwa ce. In ya faɗa sau biyu a jere, sai in kashe mota in miƙa masa makulli.